Lambun Ramin Dutse

Duk lokacin da na murza ganyen tumatir na ji ƙanshinsa, kakana na wajen uba nake tunawa, shi da jakinsa da ramin dutsen bayan garinmu.

Ramin nan kamfanin titi ne ya bar mana shi. Lokacin da ake shimfiɗa kwalta ta wajen Tudun Wada, a nan suke fasa dutse da nakiya, har kwanuka su riƙa zubowa daga jeren iyayenmu mata. Da suka gama suka kwashe kayansu, suka bar wawakeken rami, da wani koren ruwa kwance a gefe guda. Ko akuya ba ta zuwa can.

Kakana ba shi da gonar kansa. Ya je ya gaya wa dagaci yana so ya gwada raya gefen ramin. Dagaci ya yi dariya, ya ce ya je ya yi, in dutse yana haihuwa a kawo masa ɗan ya gani.

Rani bayan rani tsohon nan yana jigilar ƙasa a mangala daga bakin rafi, da taki daga rugar makiyaya, da toka daga juji. Damina ta zo ta wanke, ya jera duwatsu ya tare, ya sake zubawa. Jaki ya mutu a aikin, ya nemi wani. Ni dai na yi wayo na tarar da baƙar ƙasa mai laushi, da albasa da attaruhu da tumatir, da jigo yana kuka a bakin ruwan. Shi kuwa kakana, bayansa ya riga ya lanƙwashe. Amaryata yake ce mini, wai sadakina tumatir ne, kuma na cinye shi tun kafin a ɗaura.

Duk shekara in nunan fari ya zo, sai ya cika kwando ya kai wa dagaci. Ba wanda ya sa shi. Cewa yake mutum ba ya fara ci bai tuna da babba ba. Ina jin kuma yana so a ga ɗan da dutse ya haifa.

Ana nan gari ya fara faɗi. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta gina gidajen bulo har suka kusa bakin ramin, fuloti ya yi daraja. Wata safiya tumatir na cikin fure, sai ga mutane da igiyar awo suna kafa turaku a tsakiyar albasa.

Kakana ya tafi ƙofar dagaci, dattawa na zaune. Ya ce wurin nan matacce ne, shi ya raya shi da hannunsa. To a wajenmu, wanda aka ba aron gona shi ne ke kai wa mai ita wani abu daga amfanin. Da wannan aka kama shi.

Dagaci ko muryarsa bai ɗaga ba. Ya ce, "Malam, kowa a nan ya ga kwandonka duk shekara. Aro na ba ka, yanzu kuma ana bukatar wurin."

Kakana ya ce, "Ranka ya daɗe, ai gaisuwa ce nake kawowa."

Dattawan nan, waɗanda babu gidan da bai sha miyar lambun ba, duk suka sunkuyar da kai. Har yau ban yafe musu ba.

Da magina suka zo, suka ce ƙasar ta yi laushi, ba za ta ɗauki gini ba. Aka kawo tifa ta yi ta kwashewa tana zubarwa a daji, har sai da farin dutse ya sake bayyana, sannan aka cike da jar ƙasa. Kakana yana zaune a gefe yana kallo, ba mai korarsa, ba mai kula shi. Tun daga nan bai ƙara tsokanata ba. Bai ga damina ta gaba ba.

Yanzu wurin ya zama unguwa guda, da benaye da kemis da makarantar Islamiyya. Bara na je biki can, na yi wa mai babur kwatance bai gane ba, sai da na ce wajen tsohon ramin dutse. Ya ce, "Hajiya, ai da kin ce mini Lambun Dagaci."