Rigar da Aka Cire wa Gicciye

A tashar jiragen ruwan birnin Akka, wani dogon tsoho yana tsaye gefen masu kifi, sanye da farar riga irin wadda mayaƙan Kirista na ƙungiyar Haikali ke ɗorawa kan sulke, ta koɗe ta yi masa yawa. A ƙirji ana ganin sawun allura, inda aka warware jan gicciye. Ba ya bara. Gurasa yake gutsura a hankali, idonsa na kan teku.

Ɗan'uwa Amori, mayaƙin da ke riƙe da rumbun abincin ƙungiyar, wanda takobinsa ya fi sanin cuku a kan jini, ya tsaya yana kallo. A ransa har ya gama labari: jarumi ne da aka tuɓe wa gicciye kan wani laifi. Ga tabon jini, ga ɗinki a haƙarƙari inda mashi ya shiga. Ƙwalla ta cika masa ido.

"Baba, a wane yaƙi ka samo wannan?"

"Yaƙi? Ni ɗan dako ne, ranka ya daɗe. Sadakar gidanku ce. Ba in riga ta tashi aiki kuna cire gicciyen ku ba mu ba? An ce tumbin mai ita ne ya farka ta."

Amori ya matso. Ya gane ɗinkin. Ya gane tabon ma, ruwan inabin da shi kansa ya zubar a bikin Ista ne.

"Mai rigar yana raye kuwa, bawan Allah?" in ji tsohon.

Amori ya tsuke tumbinsa iya ƙarfinsa.

"Yana nan yana fama."