Tsohuwar da Agana ta Bari

Labbo malamin lambar rigakafi, wanda likita Bature ya aiko garin Isa neman labarin annobar agana ta da, yana tsaye a kasuwa yana kallon wata tsohuwa makauniya. Zanzana ta cinye mata fuska. Tabarmarta mai faɗi ce, amma ta takure a gefe kamar wadda aka matse. Ba ta sayar da komai. Wataƙila dangi sun yashe ta.

Yana gaishe ta, sai ta lalubo damtsensa, ta shafa tabon lamba.

"Yaro, shekarar agana ni ɗai nit tsira gidanmu," in ji ta. Ta juya inda ba kowa. "Kande, ku muskuta, baƙo za shi zamna."

Labbo bai zauna ba.