Oda Ɗaya, Soja Biyu

Ranar Talata ce, cikin kaka. Masara ta bushe a gona, dawa ta fi mutum tsawo. Na tashi da asuba na ɗumama tuwon jiya. Surukata Rabi tana yi wa jaririnta wanka a tsakar gida, yana ta tsala ihu. Malam, maigidana, yana zaune bakin zaure da rediyonsa, yana tufka igiyar rama. Akuyarmu ce ta tsinke tata ta shiga waken maƙwabta. Na ce masa wannan akuya ba igiya take so ba, wuƙa take so. Ya yi dariya ya ce, "Ke dai komai naki da zafi." Maganar da muka yi ke nan ta ƙarshe. Maganar akuya.

Sai na yi muku bayanin ƙarfen, don in ba ku san ƙarfen ba, ba za ku gane komai ba.

Ƙauyenmu, Tudun Ƙirya, yana can bayan Maska inda mota ba ta shiga da damina. Sau biyu ɓarayin daji suna afka mana. Duka biyun a kan babura suka zo, duka biyun sanye da kakin soja. A zuwan farko har fitowa muka yi muna musu sannu da zuwa, don wauta. Suka kore shanu, suka tafi da mata uku. Bayan zuwa na biyu dattawan gari, Musulmi da Maguzawa, suka zauna suka yanke shawara. Aka rataye tsohon wilin tarakta a ɗorawar bakin gari. In aka ji ana dukansa ba ƙaƙƙautawa, mata da yara su yi rafi, maza su watse cikin dawa. Kada wanda ya tsaya tambaya. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

Malam ne mai dukan ƙarfen. Gidanmu ne na ƙarshe, kuma tun shekarar da amalanke ta danne masa ƙafar hagu ɗorin bai yi kyau ba. Shi da kansa ya ce, tunda ba ya iya gudu, bari ya zama mai sa a gudu. Tsarinmu ni da shi, in ya gama bugawa in kama shi in cusa shi cikin tsohon rumbunmu, sannan in bi mata.

Rediyo ya gama labaran ƙarfe takwas ke nan muka ji ƙugin babura daga yamma. Ba ɗaya ba, ba biyar ba. Malam ya ajiye igiya, ya ɗauki guduma, ya ɗingisa zuwa ɗorawa. Na leƙa ta saman darni. Kaki na gani, a kan babura.

Ƙarfe ya fara. Kwal! Kwal! Kwal! Gari ya hautsine. Rabi ta suri yaro ko zani ba ta tsaya ɗaura masa ba, ta fita ta baya. Maza suka zubar da dammunan masara, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Kowa ya yi abin da aka tsara, daidai, ba kuskure. Abin da ya kashe mu ke nan.

Sai na ji ƙarar mota a bayan baburan. Ɓarayi ba sa zuwa da mota. Ashe soja ne na gaske.

"Tsaya! Kowa ya tsaya!"

Wa zai ji? Ƙarfe na ta ƙara. Sai bindiga ta amsa. Ba irin ta ɓarayi ba mai ɗai-ɗai, wannan zuba take. Na ga maƙwabcinmu Nomau, Bamaguje, mutumin da ko kaza matarsa ke kama masa, ya kusa shiga dawa, ya faɗi a kan fuskarsa. Na ga wani ya faɗi kusa da shi. Karan dawa na kakkaryewa su kaɗai. Na durƙushe bayan darni, na sa ido a wata kafa. Tsakanina da ɗorawa bai fi taku ashirin ba.

Ƙarfe ya yi shiru. Malam ya gane su. Ya saki guduma, ya ɗaga hannu biyu.

Suka kewaye shi. Ogansu ya diro daga mota. Matashi ne, sa'an ɗana Sani, idonsa jajir. Mun ji cewa shekaranjiya an yi wa soja kwanton ɓauna a hanya, an kashe musu mutane. Na tausaya wa uwayensu, har yau ina tausaya musu. Amma ba mu muka kashe su ba. Kuma kada wani ya kawo mini zancen ƙabila. Ogan nan Hausa yake yi tatacciya, irin tamu.

"Wa ka buga wa?"

"Mutanen gari, ranka ya daɗe."

"Ƙarya kake! Infoma! Kwanta!"

Malam ya kwanta rub da ciki. Ƙafar nan ta ƙi lanƙwasuwa, wani ya take ta da takalmi. Suka laluba aljihunsa. Goro rabi, carbi, da katin zaɓe. Malam ya kama katin ya ɗaga shi sama daga kwance, yana nuna musu. Shi a tunaninsa wanda ya ga hotonsa da hatimin gwamnati ba zai taɓa shi ba.

Oga ya juya wajen wani soja. Wannan babba ne, akwai furfura a sajensa, baƙi, kakkaura. Oga ya nuna Malam da yatsa.

"Harbe shi!"

Sojan ya ɗaga bindiga. Na cusa bakin zani a bakina na cije. Sai na ga bakin bindigar yana sauka, yana sauka, har ya dubi ƙasa.

"Na ce harbe shi!"

Sojan ya yi magana da Turanci, ban ji ba. Sannan ya maimaita da Hausar bariki, da ƙarfi, kamar yana so duk wanda ke ɓoye ya ji. "Tsoho ne. Yana kwance. Babu bindiga. A kai shi kotu."

"Oda ce!"

Sojan ya zare gidan harsashi, ya ajiye bindiga a ƙasa. Ya taka biyu ya tsaya tsakanin oga da Malam, hannuwansa a baya. Wallahi da idona na gani. Ko gaban Allah haka zan faɗa.

Wurin ya yi tsit. Har kukan akuyarmu nake ji. Sai oga ya daka tsawa, mutum uku suka rufar wa sojan da gindin bindiga. Bai rama ba. Ya faɗi, ya yunƙura ya tashi, suka sake kai shi ƙasa. Ɗaya ya waiga neman abin ɗauri, ya ga igiyar ramar da Malam ya bari bakin zaure. Da ita suka ɗaure shi, hannu da ƙafa, suka jefa shi bayan mota kamar buhu.

Oga ya nuna wani. Wannan sojan dogo ne. Ya dubi mota, ya dubi oga. Ya matso.

Harbi biyu.

Katin ya faɗi. Dogon ya juya ya yi amai a gindin ɗorawa. Amansa bai dawo mini da kowa ba.

Ban yi ihu ba. Ban san me ya riƙe ni ba. Ina nan durƙushe har na ji warin fetur, na ji oga na cewa a ƙone gidajen bakin gari, wai nan ɓarayi ke cin abinci. Darni ya kama daga kudu. Da zafin ya iso bayana sannan ƙafata ta tuna aikinta. Na ja ciki ta bayan rumbu, rumbun da ya kamata in sa shi, na faɗa cikin dawa.

Gudu cikin dawa ba gudu ba ne, iyo ne. Ganye na yankar fuska. Ba ka ganin gabanka. Takalmina ɗaya ya tsaya a kunyar gona, na bar ɗayan ma. A bayana rumbuna na fashewa, masara na tartsatsi. Wajen walaha na isa rafi. Mata na kwance cikin gamba, ba mai motsi. Na sami Rabi ta cusa wa yaro nono don kada ya yi kuka, ta danne shi har yana shure-shure. Ta dube ni, ta dubi bayana. Na girgiza kai. Ta sa haƙori ta ciji hannunta.

Harbi ya tsaya kafin azahar. Babura suka tashi, mota ta bi su. Ba wanda ya yarda ya koma. Muka bi rafi muka yi gabas, mu wajen talatin, ba namiji ko ɗaya. Matar Nomau na ta tambayata ko na ga mijinta. Na ce ban gani ba. Allah Ya yafe mini, ina son ta iya tafiya ne. Da la'asar muka shiga Maska, ƙafata duk jini. Wani direban motar hatsi ya kwashe mu ya kai mu Funtua, ko kwabo bai karɓa ba. Ana kiran magariba na tsaya ƙofar ɗakin da Sani ke haya. Da ya gan ni ba takalmi, sai ya zauna a ƙasa.

Rana ta uku maza suka koma suka yi jana'iza. Sani ya dawo mini da katin, da gudumar.

Sauran mutanenmu a wata firamare aka zuba su, nan nake yini. Bayan mako biyu wasu manya suka zo jaje da shinkafa da tabarmi. Wani mai babbar riga ya tashi ya ce kuskure aka samu, ƙarfen ne ya rikita jami'ai. Ya ce mu yi haƙuri, kada mu ƙullaci yaran, soja ba ya ƙin oda, abin da aka ce ya yi shi yake yi.

Ina cikin takaba, bai kamata a ji muryata ba. Na miƙe. Sani na jan zanina yana cewa, "Inna, don Allah." Na fizge. Na ce, "Alhaji, ƙarya ne. Soja na ƙin oda. Na ga wanda ya ƙi. Oda ɗaya aka ba mutum biyu a gabana, a wuri ɗaya, daga baki ɗaya. Ɗaya ya ajiye bindiga, ɗaya ya harba. In oda ce ke harbi, don me ba ta harba a hannun na farko ba?" Aka yi ta cewa a zaunar da ita, ciwon rashi ne. Wani mai rubutu da suka zo da shi ya ɗaga alƙalaminsa daga takarda har na gama.

Bayan sun tafi wata malamar makarantar ta zo ta zauna kusa da ni. Ta ce a tsarin mulkin ƙasa ba a yarda a kashe mutum haka kawai ba, sai kotu ta same shi da laifi, kuma wannan dokar tana sama da oga da ogan oga. Na ce mata ni ban taɓa ganin littafin ba, ban ma iya karatun boko ba. Amma na ga mutumin da ya san abin da ke ciki, kuma na ga abin da aka yi masa.

Na sa Sani ya yi ta cigiyarsa. Wani ya ce an rufe shi. Wani ya ce an kore shi ba ko sallama. Wani ya ce mu rufa wa kanmu asiri, ba a taɓa yin wannan sojan ba. To, ni na gan shi. Duk inda aka kira ni zan je in faɗa, wanda zai kama ni ya zo, ai ya san inda nake.

Shekara ashirin da tara ina gidan Malam, ban taɓa kiran sunansa ba. Yau zan kira don a rubuta. Ibrahim, Iro Mai Ƙarfe. Da Nomau. Da 'ya'yan Sarkin Noma biyu. Da Malam Audu ladan, da Ranau, da Haruna maƙeri. Bakwai aka binne. Gida tara, rumbu goma sha huɗu, akuya ɗaya.

In an tambaye ni, takwas nake cewa. Na takwas ɗin ban san sunansa ba. Ya tafi da igiyarmu a hannunsa.