Turmin Hansai da Furar Leda

A Ƙarfi, in aka ce fura sai a ce Hansai. Ba sayarwa take yi ba, kuma wannan ne abin da take so a fara sani game da ita. Mutum ɗaya take yi wa, yayanta Malam Labo, sai kuma waɗanda rabo ya zaunar a zaurensa bayan azahar, lokacin da aka dawo daga gona.

Turmin na mahaifiyarsu ne. Da ta rasu aka zo rabon kayanta, 'yan'uwa mata suka zuba wa tasoshi da zannuwa ido, Hansai ta dafa turmi ta ce ita wannan ya ishe ta. Aka yi ta yaba mata da rashin kwaɗayi, alhali ta san abin da ta ɗauka. Ta yi aure a gidan da ke jikin katangar gidansu, ta haihu, ta aurar, mijin ya rasu, duk a tsakanin daka da daka. Matar Malam Labo, Allah ya jiƙanta, ta taɓa gwada dama wa mijinta fura a farkon aurensu. Ƙwaryarta ta dawo da saura, ta Hansai ta dawo wayam. Baiwar Allah ta gane karatun, ta tsaya a kan tuwo da miyarta har ta koma ga Mahaliccinta.

Haka ake yanke hukunci a wannan zaure. Maza ba sa buɗe baki su ce fura ta yi daɗi, suna ganin wannan zubar da girma ne. Ƙwarya ce ke magana. Hansai kan kai ta bakin zaure da kanta, rufe da faifai, ta dawo ɗauka bayan la'asar. Tun kafin ta ɗaga faifan hannunta ya gaya mata nauyin. Shekaru masu yawa hannun bai taɓa kawo mata mugun labari ba.

Aikin kuwa ba wasa ba ne. A surfa gero, a wanke, a daka shi da citta da kanumfari da ɗan barkono, a cura, a jefa a tafasasshen ruwa, sannan a juye a turmi da zafinsa a kirɓa har ya yi danƙo. Kirɓin Hansai na da sauti nasa, tim, tim, mai nauyi, wanda matan unguwa ke ɗora tukunyar rana da shi. In ta zo damu da nono takan bar gaya, 'yan dunƙule-dunƙulen nan da mai sha ke tsinta a ludayi ya tauna. Da gayan nan aka san ta.

Sai Kamalu, autan Malam Labo, ya auro Raudatu daga Funtua. Ma'aikaciyar asibitin Ƙarfi ce, tana awon masu ciki da rigakafin yara. Tana durƙusawa har ƙasa ta gaida Hansai, tana kiran ta Gwaggo, ba ta taɓa ɗaga mata murya ba. Hansai ta gaya wa ƙawarta Tsohuwa, wadda katanga ɗaya ta raba su ta ɗaya ɓangaren, cewa yarinyar tana da ladabi, kuma masu ladabi su ne abin tsoro.

Wata rana cikin bazara Hansai ta je ɗaukar ƙwarya, ta tarar da wani shuɗin jug mai murfi a gefenta. Ta ɗaga ƙwarya, ta ji nauyi. Ta waiga ba kowa, ta taɓa jug ɗin da yatsan ƙafa, ya gangara gefe babu komai a cikinsa.

Ranar farko ta ɗora laifin a kan zafi. Rana ta biyu ta ɗora a kan nono, ta ce 'yar Fulanin ta fara sirka ruwa. Da abin ya zarce mako sai ta daina neman mai laifi, ta koma kasa kunne a jikin katanga. Abin da ta ji ya fi ba ta tsoro, domin ba ta ji komai ba. Babu surfe, babu daka, babu kirɓi. Fura dai tana fitowa daga ɗakin Raudatu kullum kamar ana haƙo ta.

Amsar ta zo a bayan babur. Isah ɗan acaɓa, magidancin da ke jigila tsakanin Ƙarfi da Malumfashi, shi ta gani yana miƙa wata baƙar leda ta ƙofar gidan. Hansai ta yafa mayafi ta zagaya.

“Sannu da hutawa, Malama,” ta ce wa Raudatu. “Aron turmi na zo.”

“Sannu da zuwa, Gwaggo. Ai ba ni da turmi.”

“Ikon Allah. To furar da haƙori kike kirɓa ta?”

Raudatu ta yi dariya, ta shimfiɗa mata tabarma, ta buɗe ɗan firij ɗinta mai aiki da sola ta fito da ledar. Curi-curi ne farare, kansu ɗaya kamar kaza ɗaya ce ta saka su. Ta ce wata mata ce ke yi da inji a Malumfashi, ita nata kawai ta dama da nono ta sa a sanyi. Wannan ya fi komai ɓata wa Hansai rai. Ta zo kamun ɓarawo, ɓarawon ya ba ta wurin zama yana nuna mata kayan.

“Kuma kike ba surukinki wannan?”

“Gwaggo, masarar tuwonki wa ke niƙa miki?”

“Inji.”

“To, ai shi ne.”

“Ba shi ba ne. Tuwo cika ciki ne. Fura kuwa hannun mai ita ake sha.”

“Ni hannuna yana asibiti tun safe, Gwaggo. In na tsaya kirɓi, masu ciki sai su haihu a kan layi.”

Hansai ba ta ga abin dariya ba. Ta jira har zaure ya watse, ta sami yayanta shi kaɗai yana gyaran ƙotar fartanya.

“Yaya, ka san abin da kake sha kuwa?”

“Fura.”

“Ta leda ce. Wadda ta yi ta ko sunanka ba ta sani ba.”

“Ni ma ban san nata ba. Kin ga ba wanda ya cuci wani.”

“Furar Inna ce fa kake mayarwa da saura.”

Malam Labo ya ajiye fartanya, ya buɗe baki ya nuna mata ciki da yatsa. Haƙoran tauna sun yi ƙaura, saura ɗaya can gefe yana gadin kango.

“Gayanki na nan yadda Inna ta bar shi, Hansai. Masu tauna shi ne suka tafi. Dubi abokan zaman nawa ma, wa ka gani da baki cikakke?”

Wannan magana ta ba ta ƙwarin gwiwa, domin matsala ce da turmi zai iya warwarewa. Ta daina barin gaya. Ta ƙara tsawon kirɓi har kafaɗunta suka fara ƙara irin ta tsohuwar ƙofa. Ta sayi ƙanƙara ta jefa a ƙwarya. Sauran da ke dawowa ya ragu, amma bai ƙare ba, jug kuwa kullum wayam. Inji ba shi da kafaɗa, kuma ba a haife shi shekarar da aka haifi Hansai ba.

Zancen ya bazu cikin mata. Wasu suka ce furar leda lalaci ne da aka ɗaure wa baki, mace mai mutunci ba ta kai wa surukinta abin da ba ta yi gumi a kansa ba. Masu wannan ra'ayi yawancinsu sun daɗe da daina daka, jikoki ke yi musu. Wasu suka ce in dai gero ne, da tsabta, mai sha ya ƙoshi, to sauran zance ne. Hansai ba ta shiga gardamar ba. Ita ba halasci ko haramcin leda ne ya dame ta ba, shuɗin jug ne. Ta tsani launinsa. Ta ga irinsa a gidan suna, aka zuba mata kunun zaƙi daga ciki, ta ce azumi take.

Ranar da kafaɗar dama ta ƙi ɗaguwa sama da kunne, ta tare Isah a bayan gida.

“Malam Isah, in ka shiga Malumfashi ka riƙo mini irin saƙon nan na gidan Kamalu. Baƙuwa zan yi.”

“Baƙuwar kullum za ta riƙa zuwa, Gwaggo, ko yau kaɗai?”

“Tuƙi aka ce ka iya.”

Saura magana ɗaya, wato sauti. In turmin Hansai ya yi shiru unguwa za ta tambaya. Don haka washegari, daidai lokacin da ta saba, ta zuba dusa a turmi ta kama daka da hannun hagu. Ba ta yi nisa ba muryar Tsohuwa ta tsallako katanga.

“Hansai, turminki tari yake yi?”

“Kirɓi nake.”

“Kirɓi tim yake cewa. Wannan ƙwas yake cewa. Tun muna 'yan mata nake jin turmin nan, yau ne na ji shi da yunwa. Kuma ban ji ƙamshin dahuwa ba.”

“Mura gare ki.”

“Ita ce, wataƙila.”

Kashegari Hansai ta jiƙa dusar da ruwan zafi, ta jefa 'yar citta a wuta don hayaƙi. Tsohuwa ta saurara na ɗan lokaci, sannan ta ce, “Yau ya fi kama. Ki ƙara ruwa kaɗan.” Daga nan ba ta sake ta da zancen ba, kuma a sanin kowa ba ta kai shi ko'ina ba, abin da ya sa Hansai ta fara gaishe ta da ladabin da ba ta saba ba.

Furar leda ta shiga ƙwaryar Hansai, aka dama ta da tsohon ludayinta, aka rufe da faifanta. Bayan la'asar ta je ɗauka, hannunta ya ji abin da ya daɗe bai ji ba. Wayam. Ta taɓa jug da yatsan ƙafa, ya ƙi motsi. Fura ɗaya ce daga inji ɗaya, a bayan babur ɗaya ta zo, amma dattawan zaure sun ɗanɗana sun tabbatar wa junansu cewa ta gargajiya daban ce.

Tana juyawa Malam Labo ya kira ta. Ya yi abin da bai taɓa yi ba tun rasuwar mahaifiyarsu, ya buɗe baki ya yabi fura.

“Hansai, yau kin tuna mini da Inna. Haka take yin ta, sumul.”

Hansai ta ce, “Madalla.” Ta shekara da shekaru tana jiran wannan kalma, ga ta ta zo, kuma ta wata mata ce a Malumfashi.

Raudatu ta shigo da yamma ta durƙusa ta gaishe ta. Ta ce tunda Baba ya koma wa ta Gwaggo, ita ta huta, jug zai koma na ruwan sha. Har ta miƙe sai ta ƙara da cewa, a hankali, “In kina son wurin ajiya, Gwaggo, firij ɗina da fili. Isah ya ce ledar ba ta son zafi.” Hansai ta dube ta tana neman inda izgilin yake a fuskarta, ba ta samu ba, kuma ta riƙe wannan ma a zuci.

Zaure ya dawo hannunta, ba mai ja da ita. Kajinta sun yi ƙiba da jiƙaƙƙiyar dusa har ana tambayar ta sirrin. Ƙyashin dai bai tafi ba, gida ya sauya. Yanzu yana kan matar da ba ta taɓa gani ba. Ta tatsi Isah har ta ji sunanta Murja, yarinya ce ma, ba ta fi sa'ar Raudatu ba. Ta tambaya ko tana da kyau, ko tana da miji, ko ta taɓa riƙe taɓarya. Ta aika mata cewa kanumfarinta ya yi yawa. Murja ta aiko da godiya, ta rage, furar ta ƙara daɗi.

Bayan kaka, da sabon gero ya shigo kuma kafaɗar ta ɗan saki, Hansai ta yi shiri a ɓoye. Ta surfa, ta daka, ta dafa, ta kirɓa da duk abin da ya rage mata na ƙarfi. Tsohuwa ta ji sautin ta katanga, ta san wannan na gaske ne. Hansai ta dama, ta rufe, ta kai.

Ƙwaryar ta dawo da saura. Malam Labo ya leƙo daga zaure, ya rage murya don kada ya kunyata ta gaban mutane.

“Hansai, ta yau kamar ta leda ce ko?”

Ta tsaya da ƙwaryar a hannu, tana jin nauyinta.

“Ta leda ce, Yaya,” ta ce. “Ba za a sake ba.”