Haruffan Baba Masu Ƙugiya

Shekaranjiya maƙwabcinmu ya yi wa ƙofarsa fenti. Warin fentin nan da kananzir na shigowa tsakar gida, sai na tsaya cak, ni da tsufana. Kada ka yi mini dariya, wari ne ya mayar da ni zauren gidanmu na Bagudo.

Baba mai rubuta allon shaguna ne. Yana saurayi ya ƙetara Dahome, ya koyo aikin a wurin masu yi wa kantunan Faransawa rubutu. Haruffansa masu ƙiba ne, da baƙar inuwa a gefe, kuma ƙafar kowanne sai ta lanƙwashe kamar ƙugiyar kifi. Kaka, mahaifiyarsa, takan tsokane shi cewa ɗan masunta ya guji kogi, amma ƙugiya ta biyo shi har zaure. Ni da Inna ba mu san ko harafi ɗaya na boko ba. Amma in motar Kamba ta wuce, ko kwale-kwale ya tsaya a bakin kogin Kwara, daga nesa muke gane hannunsa. Kowa ma a garin yana ganewa, a nan matsalar take.

Shekarar da aka karɓi mulkin kai, siyasa ta yi zafi har 'yan'uwa suka daina cin tuwo tare. Bayan girbi wasu baƙi suka kawo farin ƙyalle, suna so a rubuta musu kirarin jam'iyyar da hakimi ba ya so. Inna ta roƙe shi daga bayan zana, "Malam, don Allah kak ka taɓa ƙyallen ga." Ya ce ta kwantar da hankalinta, haruffa tsirara zai yi, irin na ɗan makaranta, ba inuwa ba ado. Haka kuwa ya yi. Sai da ya zo harafin ƙarshe, yana hira da baƙin, hannu ya yi abin da ya saba. Na ga lokacin da ya ga ƙugiyar. Ya sa tsumma, amma ƙyalle ya riga ya sha fenti.

Ranar kasuwa aka ɗaga ƙyallen, faɗa ya kaure, aka fasa wa yaron hakimi kai. 'Yan doka suka naɗe ƙyallen suka tafi da shi. Muka zauna jiran su, ba wanda ya zo, kuma wallahi wannan shirun ya fi duka ciwo.

Ni ce mai kai furar Inna kasuwa, don haka ni na fara gani. Tela ya juya allonsa ya fuskanci bango. Mai shayi ya shafe nasa da laka. A bakin kogi na tarar da masu jirgi sun duƙa, suna kankare sunayen jiragensu da wuƙa, da suka gan ni suka sunkuyar da kai. Direban motar garin Kende, abokin Baba na ƙud da ƙud, ya rufe goshin motarsa da buhu. Ba wanda ya zage mu. Kullum dai in na fita, sai in tarar an rage guda. Garin yana goge Baba alhali yana zaune a zaure yana wanke burushi.

Na ƙarshe shi ne wanda ke saman ƙofar zaurenmu. Kaka da kanta ta kwaɓa laka, ta hau turmi, ta lulluɓe shi. Da ta sauko ta ce masa, "Tahi tun ba su zo ba. Gara in ji kana can da in gan ka da ankwa." Da rana tsaka ya fita, da malafa da sanda, ya shige cikin garken wasu Fulani masu nufin iyaka. Washegari 'yan doka suka iso. Gwangwanin burushinsa kawai suka samu, suka tafi da shi.

Damina ta zo ta wuce ba labari. Wasu suka ce an kama shi a hanya, wasu suka ce ruwa ya ci shi. Wata rana muna wanki a bakin kogi, wani jirgin albasa ya iso daga Dahome, da shuɗin rubutu a gefensa. Inna ta saki zanin da ke hannunta. Ta shiga ruwa har gwiwa, ta ɗora yatsa a kan ƙugiyar ƙafar wani harafi, fenti ya biyo yatsan. Ɗanye ne. Ta ce, "Wa yay yi maka wanga rubutu?" Mai jirgin ya dubi hagu da dama, ya ce shi bai sani ba. Inna ta naɗe yatsan a bakin mayafinta, ranar da hannun hagu ta ƙarasa wankin. Baba bai dawo ba, jirgin ma ba mu sake ganinsa ba.

Yanzu jikana ke tsara katin biki da allon shaguna a kwamfuta. Ya ce haruffan tsohon yayi ake so, yana da su jibgi, masu inuwa da masu ado, ba hannun kowa ba ne balle a kama mutum a kansu. In na je shagon nakan sa ya buɗe mini su, yana wucewa ina kallon ƙafafunsu. Rannan ya gaji ya ce, "Kaka, wai mi kike nema?" Na ce ya dai ci gaba, ban ga mai ƙugiya ba tukuna.