Kawu Issaka da Ba-Hanci

Duk wanda ya zauna a unguwar Nima ya san Kawu Issaka ba ya karɓar magana haka kawai. Ka ce masa an yi ruwa a unguwar Maamobi, sai ya ce, "Wa ya ce?" Ka nuna masa rigarka a jiƙe, ya taɓa, ya shinshina, ya ce wataƙila famfo ne ya fashe. Mai waakye ta layinmu, wato mai shinkafa da wake, shekara ashirin tana zuba masa, kullum sai ya tambaye ta yaushe ta dafa. Kai, Kawu!

Lokacin da yake gadi a gidan wata Baturiya ni ce kuku a gidan, komai a idona aka yi. Matar tana da wani kare, irin masu fuskar nan kamar an buga da bango. Ranar da Kawu ya fara ganinsa ya zagaye shi sau biyu, ya ce da ni, "Ladidi, an cuci Madam. Sun sayar mata da kare, sun riƙe hancin." Tun daga nan ya raɗa masa Ba-Hanci. Bai taɓa shafa shi ba. In karen ya gogi ƙafarsa sai ya je ya wanke wando yana masifa. Amma kunnensa na kan numfashin karen, don daga ƙofa zuwa gindin mangwaro sai ka ji yana gurnani kamar tsohuwar motar haya ta trotro a kan tudu.

Da Madam za ta koma ƙasarsu, aka kawo akwatin roba mai 'yan huji, wai a ciki za a sa Ba-Hanci, tare da kaya a ƙarƙashin jirgi.

"Akwai iska a wurin, Issaka," in ji Madam.

"Wa ya ce?"

"Masu jirgin."

"Su a can ƙasan suke zama?"

Washegari da azahar na fito shanya, na rasa abin maƙale kaya guda ɗaya. Sai na ji nishi a tsakiyar rana. Ashe Kawu ne ya cusa kai da kafaɗu cikin akwatin, ya matse hancinsa da abin shanyata.

"Innalillahi! Kawu, lafiya?"

"Duba agogo, gwaji nake!"

Ko minti biyar bai yi ba ya fito, ido jawur, gumi sharkaf, hula a karkace. Da shatin a hancinsa ya tafi wajen Madam. "Ni mai dogon hanci ban iya ba, bare shi. In kika sa shi ciki, gawa za ki karɓa a can. Ki kore ni in kin so, amma ba da hannuna ba."

Madam ta ji haushi sosai, amma ta kira likitan dabbobi. Likita ya ce maigadi ya yi gaskiya. Irin waɗannan karnuka hanyar numfashinsu a matse take, zafi da firgita na iya shaƙe su, shi ya sa wasu jiragen ma ba sa ɗaukarsu. Na ce, "Kawu, yau kam ka ci!" Ya bi bayan likitan da harara.

"Ya yi saurin yarda da ni. Wannan akwai abin da yake ɓoyewa."

Ƙarshenta Madam ta tafi tana kuka, ta bar masa kare. Kun tuna ranar da ya shigo da shi gidanmu na haya? Hajiya Mariama mai koko ta dafe ƙirji. "Ei, Issaka! Kare a gidan da ake salla?"

"Ni ma ba sonsa nake ba, Hajiya. Numfashinsa nake gadi."

Ya kafa masa rumfa a bayan ɗaki. Shekara huɗu, in rana ta take, yana yi masa fifita da kwali yana zaginsa.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da Kawu, Ba-Hanci ya tare a ƙarƙashin tagarsa. Wannan na huci, wancan na huci. Kawu ya ce, "Ji ɗan banza, yana kwaikwayona." Na yi dariya, hawaye na zuba. Na ce, "Za ka warke, Kawu."

"Wa ya ce?"

Can na ce, "Allah mai rahama ne." Na jira tambayar. Bai yi ta ba, kai kawai ya gyaɗa.

Ya Allah, bawanka ya tsare numfashin dabbar da ko taɓa ta ba ya so, don tausayi kawai. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka shigar masa da iskar Aljanna. Amin.