Ranar da Katafila Ta Shigo Layinmu

Ranar Talata ce, ranar hutuna. Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci aka kira asuba a masallacin bakin layi. Muka yi salla muka dawo. Ban koma barci ba, domin wanki ya taru mini.

Gidanmu tsohon bene ne a cikin tsohuwar Doha, fentinsa duk ya ɓare. Mu goma sha bakwai ne a ciki. Akwai masu gadi irina, akwai direbobi, akwai masu aikin otal. Mu shida ne masu jin Hausa, sauran 'yan Sudan ne da 'yan Bangaladash. Sunana Bashir, mutumin Funtuwa. Shekarata huɗu a gidan.

Babbanmu shi ne Baba Issaka, mutumin Zangon Kumasi. Bas yake ja, yana kai ma'aikata wurin aiki yana dawo da su. Ya fi kowa daɗewa a ƙasar. Yana da ciwon suga, allurarsa kullum tana cikin firjin kicin. Shi ma Talata yake hutu. Ƙarfe shida ya dama koko, ya soya ƙosai, ya ajiye wa kowa nasa. Ɗanlami, abokin ɗakina ɗan Gusau, ya sha nasa a tsaye. Shida da rabi ya tayar da akori-kurar kamfaninsu ya tafi.

Mun san ana maganar layinmu. Kowace shekara akwai adadin gidajen iyali da aka ɗora wa birnin ya samar. Ƙarshen shekara sai a fito a faɗi inda aka kai. A wannan shekarar an ce aiki ya yi baya, kuma shekara ta doshi ƙarewa. Wani kamfanin kwangila ya karɓi layinmu gaba ɗaya. Sati uku kafin ranar, an zo an yi wa bangonmu jan fenti, an liƙa takarda da Larabci. Wani ɗan Sudan ya karanta mana. Takardar ta ce unguwar ta iyali ce, gwauraye su tashi. Gwauraye ta kira mu. Ina da mata da 'ya'ya uku. Baba Issaka yana da jikoki.

Mun kai maganar wurin jami'in kamfaninmu mai kula da masauki. Ya ce mu kwantar da hankalinmu, sai an sama mana wuri za a taɓa gidan. Muka yarda.

Ƙarfe bakwai da minti arba'in aka ɗauke wuta. Duk kwandishan ɗin layin suka mutu a tare. Ban taɓa jin layin ya yi shiru haka ba. Ina tsakar gida, hannuna cikin kumfa.

Bayan minti goma na ji wani ƙara daga bakin titi. Ƙarfe ne yake tafiya a kan kwalta, a hankali, yana ƙiiƙii. Ruwan bokitina ya fara rawa.

Ƙarfe takwas daidai aka doki ƙofar gida. Ba da hannu ba, da guduma. Sau uku. A na huɗu ƙyauren ya ɓalle ya faɗo ciki.

"Yalla! Barra! Barra!"

Waje, ke nan. Sun kai ashirin. Na gaba suna da kulki da kakin gadi. Na baya leburori ne masu guduma da ƙarfen ɓalle ƙofa, sun rufe fuskokinsu da ƙyalle. Ba su dubi kowa ba. Suka rabu biyu, wasu sama wasu ƙasa.

Na ruga ɗakinmu. Na ɗauki jakar takarduna da ta Ɗanlami. Na ɗauki kakina na aiki. Ina jin ana ɓalle ƙofofin sama ɗaya bayan ɗaya. Sai kaya suka fara zubowa daga bene. Katifa. Akwati. Tukunya da sauran shinkafar jiya. Wata talabijin ta faɗo ta tarwatse kusa da famfo.

Akwai wani ɗan Sudan da ya dawo daga aiki da safen nan, yana barci a sama. Da gajeren wando suka jawo shi. Ya riƙe ƙarfen matakala yana cewa a bar shi ya sa riga. Aka sauke masa kulki a yatsu. Ya saki. Aka ƙara masa a ƙeya. Na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya.

Ƙarfe takwas da minti ashirin duk muna kan titi. Baba Issaka yana gefena, ba takalmi, domin alwalar walha yake yi lokacin da suka shigo. Ya dafa aljihunsa. Ya dubi gidan. Ya ce, "Allurata."

Kafin in riƙe shi ya koma. Ƙyauren da aka ɓalle yana kwance a bakin shiga, ƙusoshinsa suna kallon sama. Ta kansa ya bi. Bai kai kicin ba. Mutum biyu suka tare shi, suka juyo da shi, suka hankaɗo shi waje. Ya zo ya tsaya kusa da ni yana haki. Na duba ƙasa. Daga ƙofa har inda yake tsaye, duk inda ya sa ƙafar dama akwai shaidar jini. Shi bai sani ba. Ciwon ya daɗe da kashe masa jin tafin ƙafa.

A cikin masu kulkin akwai wani dogo. Tun da farko na ji ya amsa waya ya ce, "Ina wurin aiki, zan kira ki." Hausa tsantsa. Na je wurinsa. Na ce, "Ɗan'uwa, don Allah. Maganin tsohon nan yana firji. Minti ɗaya." Ya dubi bayana, inda shugabansu yake tsaye. Ya ɗaga kulki ya tokare mini ƙirji.

"Khalas! Yalla!"

Da Larabci ya kore ni. Har yau in na tuna fuskarsa sai yawu ya taru mini a baki.

Tara saura minti ashirin suka tayar da ƙyauren suka mayar a bakin ƙofa, suka ja masa sarƙa, suka danna kwaɗo. Wankina yana ciki, a jiƙe. Singileti ɗaya ce a kafaɗata. Da ita na ɗaure wa Baba ƙafa.

Ƙarfe tara da kwata katafila ta ɗaga hannu ta sauke a kan gidan farko na layin. Bangon gaba ya zube gaba ɗaya. Ɗakunan suka bayyana a fili, da gadaje masu hawa biyu, da kalandar wani a rataye. Ƙura ta rufe mu. Mutane suna tari. Wasu suna kiran sunayen 'yan ɗakinsu.

A tsallaken titi akwai wata farar mota, gilashinta a rufe, injinta a kunne. Wani mai fararen kaya yana ciki da kofin shayi. Duk gidan da aka rufe sai ya ɗaga wayarsa ya ɗauki hoto, ya taɓa wani abu a kanta. Ya ɗauki namu. Bai ko sauke gilashi ba. Aikinsa ƙidaya ne, kuma yana tafiya daidai.

Na kira jami'in masauki sau bakwai. Bai ɗauka ba. Baba ya kira kafil ɗinsa, mutumin da sunansa yake kan takardar zamansa. Wayar a kashe.

Ƙarfe goma Ɗanlami ya iso da akori-kura. Ya ajiye aikinsa ya taho. Muka loda abin da ya tsira, mu shida. Baba a gaba, sauran a baya kan katifu biyu. Lokacin da muka karya kwana, katafila ta kai gida na uku. Namu ne na biyar. Ban waiwaya ba.

Mun fara zuwa Ain Khaled. Ina da aboki a can, mai gadi, a wani babban gida da aka yanyanka da katako. Ya fito ya tarye mu. Mai kula da gidan ya biyo shi da gudu yana kaɗa hannu. Ya ce su ma an yi musu jan fenti. Ya ce in aka ga ƙarin namiji ko ɗaya, yau za a rufe su. Abokina ya shiga ya fito mana da ruwan sanyi. Bai iya haɗa ido da ni ba.

A wani masallaci na unguwar muka yi azahar. Na kwance singiletin na wanke wa Baba ƙafa. Rami ne ƙarami, amma mai zurfi, a ƙarƙashin babban yatsa. Na ce mu je asibiti. Ya ce, "A'a, ɗana. Gobe ina da aiki. Ƙusa ce kawai." Katin asibitinsa ma yana cikin gidan da aka rufe.

La'asar ta same mu a Al Rayyan, a wani masaukin ma'aikata. Mutanen wasu layukan sun riga mu. Katifu har kan matakala. Banɗaki biyu ne, ɗaya ya toshe, ruwansa ya malalo tsakar gida. Mutane suna cin abinci a gefensa. Aka ce za a iya matsa wa mutum biyu. Biyu daga cikinmu suka sauka da ledojinsu. Ba mu yi wata doguwar sallama ba.

Kafin magariba muka shiga Al Wakrah. Wani ɗan garin su Baba yana aiki a bakin tashar jiragen kamun kifi. Ya buɗe mana ɗakin da ake ajiye koma da igiyoyi. Ba taga. Ƙarnin kifi ya kama bango. Muka ture komar gefe muka shimfiɗa katifu. Nan muka zauna, mu huɗu.

Washegari kowa ya tafi aiki, domin ba wanda ya ba mu hutun rushe gida. Na tsaya awa goma sha biyu a ƙofar wani kanti da kakin da ba a goge ba. Shugabana ya yi mini faɗa a kan haka.

Baba ya ja bas kwana uku da ƙafar nan, a cikin takalmin aro. Kwana biyu bai sami allura ba. A rana ta huɗu, da safe, na ji wani wari da ya fi na kifin. Na ɗaga zanen da ya rufa da shi. Yatsan ya yi baƙi. Jikinsa kamar garwashi. Ɗanlami ya goya shi zuwa mota.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, wannan zan faɗa. Sun cire yatsu biyu. Suka ce a jira a gani.

Muna cikin jiran ne kamfanina ya tura ni gadin wani zauren taro. Sai da na ga allunan da aka kafa na gane taron mene ne. Ranar bayyana rahoton shekara ce, na gidajen da birni ya samar. Aka tsayar da ni a ƙofar ciki. Aikina in buɗe, in rufe.

Ƙarfe goma aka fara. Zauren sanyi ƙalau, ga ƙamshin turare. Ana zagayawa da gahawa da dabino. Aka haska taswirar birni a bango. Inda aiki bai kammala ba ja ne. Inda aka share aka miƙa wa magina kore ne. Mai jawabi yana danna wani abu a hannunsa, ja yana komawa kore. Na gane titinmu ta wurin masallacin bakin layi. Na ga lokacin da ya koma kore. Aka yi tafi.

Daga nan aka nuna zanen abin da za a gina a wurin. Dogayen gidaje masu farin fenti. Ciyawa. Yara a kan lilo. Mai jawabi ya ce an cimma burin bana, kuma an yi shi cikin tsari, ba tare da an takura wa kowa ba. Aka sake tafi, wannan karon ya fi tsawo. Ba ni da izinin barin ƙofa. Na tsaya a inda aka ajiye ni. Da aka tashi na buɗe musu, suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Wani ya miƙo mini kofinsa da ƙwallon dabino a ciki, bai dube ni ba. Na karɓa.

Kwana biyu bayan haka aka yanke wa Baba ƙafa daga ƙasan gwiwa.

Wata ma'aikaciyar jinya ta fito ta tambayi danginsa. Muka ce mu ne. Ta ce to, akwai abin da za a binne. Ni da Ɗanlami muka sa hannu a takarda. Aka ba mu ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle. Ta fi nauyin da na zata.

Bayan la'asar muka kai ta maƙabarta a bayan gari. Wani ma'aikaci ya nuna mana gefen da ake binne irin wannan. Ramin ƙarami ne. Ba a yi salla ba, an ce ba a yi wa gaɓar mai rai. Ɗanlami ya durƙusa ya sa ta. Muka mayar da ƙasa da hannu. Duka bai kai minti goma ba.

Mu goma sha bakwai ne a gidan nan. Yau na san inda mutum biyar suke. Ɗan Sudan ɗin da aka doka, yatsunsa biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Ɗanlami ya rasa aikin tuƙi saboda motar da ya ɗauko ba izini, yanzu dako yake yi a kasuwar kifi.

Baba ya yi wata ɗaya a asibiti, sannan aka soke takardar zamansa. Mun raka shi filin jirgi da safe, a kan keken marasa lafiya, da jaka ɗaya a cinyarsa. Ya yi mana addu'a ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Bai tambaye mu inda muka binne ƙafar ba. Mu ma ba mu faɗa masa ba.